Makon Hadari A Ɗambatta

Ɗambatta gari ne a ƙasar Kano, yana arewa da birni, a kan hanyar da ta nufi Kazaure da Daura. Ƙasar wurin jigawa ce, watau rairayi ya yi mata yawa, saboda haka gero da gyaɗa da wake da riɗi su ne abin da ta fi karɓa. Kasuwar garin tana ci ran Lahadi, ta kuwa yi suna wajen dabbobi da hatsi. Mafi yawan mutanen garin manoma ne, ko da suna da wata sana'a. Tela yana da gona, mahauci yana da gona, har malamin makaranta ma yana da 'yar tasa a bayan gari. Don haka in bazara ta yi nisa, ba inda kowa ke duba sai gabas.

A wata unguwa ta gefen garin akwai wani magidanci da iyalinsa. Su biyar ne a gidan: shi, da matarsa, da mahaifiyarsa wadda yara ke kira Kaka, da babban ɗansa, da ƙaramin, wanda kowa ke ce wa Auta. Auta yana aji biyar a makarantar firamare. Gidan ba babba ba ne. Akwai zaure, akwai ɗakin uwargida mai rufin kwano, akwai rumbu ɗaya da turken awaki. A kusurwar gabas kuma akwai wani tsohon soro na ƙasa, nan Kaka take, nan kuma Auta yake kwana tun ran da aka yaye shi.

Soron ƙasa ɗaki ne mai daɗin zama, da zafi yana da sanyi, da sanyi kuma yana da ɗumi. Amma yana da hakki a kan mai shi. Kowace shekara, tun da rani, sai an hau an duba shi, an toshe inda ya tsage, an yi masa sabon yaɓe. Masu hali sukan sa a gauraya ƙasar da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin tana hana ruwa ratsawa. Sa'an nan a share indararo, watau bututun da ke zubar da ruwan rufi can nesa da jikin bango. Bangon gabas shi ya fi bukatar kulawa, don shi ruwa ke duka. In kun zaga gari kun dubi tsofaffin gine-gine, za ku ga ta gabas suka fi zaizayewa.

To, a shekarar da ake ba da labarinta, maigidan nan bai yi yaɓe ba. Ba lalaci ne ya hana shi ba. Ya sayar da bunsuru ɗaya, kuɗin kuwa ba su isa abu biyu ba: ko dai ya sayi takin zamani, ko ya biya magini. Ya kwana biyu yana juya maganar, kana ya je ya gaya wa mahaifiyarsa. Ta ce, "Sayi takinka. Soron nan ya girme ka, ya ga damina iri iri bai faɗi ba. Wa ya taɓa cin bango ya ƙoshi?" Sai ya sayi taki, ya ce in Allah ya kai rai, da kaka a gyara soro.

Cikin watan Mayu aka yi wani ɗan ruwa wanda bai taka kara ya karya ba. Ruwan nan ya cuci mutane da yawa, musamman waɗanda suka yi binne. Binne shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ran da ya sauka iri ya tsira nan da nan, mai gona ya riga kowa. In an dace, dabara ce mai kyau. Amma in ruwan farko ya zo kaɗan, sa'an nan ya ɗauke, sai iri ya tsira, rana ta ƙone shi, a yi asarar iri da wahala duka. Haka ya faru ga maƙwabcinsu. Shi kuwa maigidan nan ya je gona, ya tona ƙasa da hannu, ya ga laima ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya kakkaɓe hannunsa ya komo gida. Irin da yake da shi na shuka ɗaya ne, in ya tafi ba wani.

Daga nan aka shiga jira. Zafi ya tsananta, har da dare mutane ba su iya kwana cikin ɗaka. Shamuwa ta riga ta iso, ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar masallaci. Tsuntsuwar nan baƙa ce mai farin ciki, tana yin rabin shekara can kudancin Afirka, in damina ta kusa sai ta taso ta zo ƙasashen nan ta yi ƙwai. Ba mai jifanta, domin ana ɗaukarta mai bushara, ga shi kuma tana cinye fara da tsutsotsi a gonaki. Amma mako ya wuce, wani ya bi, shamuwa tana bisa, ruwa shiru. Watan Yuni ya kama, har ya yi kwanaki.

Ran wata Lahadi kasuwa ta cika ta batse. Tun da hantsi iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi, gumi yana ta tsiyaya daga jikin mutane. Auta yana taya Yayansa tsaron awakin wani dillali. Bayan la'asar sai ya ga dattawan da ke kusa sun daina ciniki, sun juya suna kallon wuri ɗaya. Can ƙasan sama ta gabas wani gajimare ya taso, kansa fari fat kamar tarin auduga, gindinsa kuwa baƙi ƙirin. Kafin a jima ya haɗe gabas duka. Wani tsoho ya ce, "Wannan kam ba na wasa ba ne."

Iska ce ta fara isowa. Ta zo da jar ƙura, ta shiga kasuwa kamar an koro ta. Rumfunan kara suka fara tashi, faifai da hula da leda suka yi sama. Masu gari da gishiri suka kifa tasa a kan kayansu, 'yan koli suna tattara madubi da allura, masu hatsi suna ja wa buhuna tamfal. Shanu suka yi ta kuka, wani jaki ya tsinke igiya ya bi ta cikin tukwanen wata mata. Sa'an nan aka ji sanyi ya bugo, ɗigo ya fara sauka ɗaya ɗaya, manya manya, kowane ya faɗi sai ya ta da 'yar ƙura. Ƙamshin ƙasa ya game gari. Ba a ankara ba sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Mutane suka yi asarar ciniki ran nan, amma da wuya ka ga mai ɓacin rai. Waɗanda suka fake a rumfa ɗaya, ko ba su san juna ba, sai gaisuwa suke yi. Wannan ya ce, "Yaya ruwa?" Wancan ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Auta da Yayansa suka iso gida sharkaf. Suka tarad da Inna ta jera bokiti da daro da tulu a ƙarƙashin kwano, Baba kuwa yana zaune a zaure, ya fito da sungumi yana ƙara masa ƙarfi a ƙota.

Da dare, bayan ruwa ya ɗauke, gina ta fito. Ita ce gara mai fiffike, wadda ke barin suri a daren ruwan farko don ta je ta kafa sabon gida. Yara suka kunna fitila, suka ajiye kwanon ruwa a gindinta, gina tana zuwa wajen haske tana faɗawa ciki. Aka soya, aka barbaɗa gishiri. Kaka ta ce wa Auta, "Maigidana, ba za ka sam wa matarka ba? To, gobe sai in sake miji." Auta ya ce, "Ai ba ki da haƙoran ci." Aka yi dariya, ya ɗiba mata.

Ran Litinin tun da asuba, da aka sallame salla, Baba ya kama hanyar gona da 'ya'yansa biyu. Hanya cike take da mutane, kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwarya a hannu. Da suka isa, ya durƙusa ya sake tona ƙasa. Wannan karon hannunsa ya nutse har wuyan hannu bai kai ga busasshiya ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Bismilla."

Ga yadda ake shukar. Mai sungumi yana gaba, yana tafiya a miƙe, kowane taki ya sari ƙasa ya bar rami. Mai iri yana biye, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi da yatsu uku, ya jefa a ramin, ya tura ƙasa da ƙafa ya taka. Ana ganin abin kamar mai sauƙi, amma akwai gwaninta a ciki. In iri ya yi zurfi ba ya iya fitowa, in ya tsaya a sama tsuntsu ya tsince, ko iska ta tone shi. In an zuba da yawa iri ya ƙare gona ba ta cika ba. Sau biyu Baba yana waiwayowa ya ce, "Auta, rage hannu. Abin da ke cikin ƙwaryan nan shi ne tuwonku na baɗi." Gero yakan nuna cikin wajen wata uku, damina kuwa a ƙasar Kano ba ta cika wuce wata huɗu ba. Shi ya sa ba a jinkiri. Wanda ya bar laimar farko ta wuce, sai ya yi ta bin damina a baya har ta ƙare.

Auta ya makara zuwa makaranta, ya shiga aji yana rawar jiki. Amma ya tarar rabin ajin ma ba su zo ba, Malam kansa kuwa akwai jar ƙasa a gefen takalminsa. Bai tsawata wa kowa ba. Da yamma aka sake yin ruwa, mai taushi, ba iska. Manoma suka ce wannan shi ne mai kwantar da iri.

Ran Talata aka gama shukar gero, aka soma ta dawa. A makaranta Malam ya ajiye darasin da ya shirya, ya ce yau hadari za a karanta. Ya tambaya, "Daga ina ruwan sama yake zuwa?" Yara suka ce, "Daga gabas." Ya ce, "Kun faɗi abin da idonku ya gani, amma da saura." Sai ya zana taswirar Afirka ta Yamma a allo, ya ce iska biyu ce ke karɓa-karɓa a ƙasashen nan. Ɗaya tana fitowa daga hamadar Sahara, busasshiya ce, ita ke kawo hunturu da hazo. Ɗayar tana tasowa daga tekun Atilantika, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. In rana ta gasa ƙasa da bazara, sai iskar teku ta yi ta matsowa arewa tana ture ta hamada. Tana isa Ikko tun wajen Maris, ta iso Zariya wajen Mayu, ta zo ƙasar Kano ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ba ta kai wa Agadas sosai sai Yuli. Tana tafe tana rage kaya, don haka ruwan da Ikko ke samu a shekara ya kusa ninka na Kano, na Agadas kuwa ko rabin na Kano bai kai ba.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to, me ya sa hadari ke tasowa ta gabas?" Malam ya ji daɗin tambayar. Ya ce laimar daga teku take, tana bin ƙasa ƙasa. In zafi ya ɗaga ta sama sai ta huce ta zama gajimare. Can bisa kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ce ke kora gajimaren zuwa yamma. Shi ya sa hadarin da ya zuba a Haɗeja ko Gumel yakan iso nan daga baya, ya wuce ya nufi ƙasar Katsina.

Ya kuma fito da su fili ya nuna musu ma'aunin ruwan sama, wani gwangwani mai mazurari a baki da kwalba a ciki. Ya ce da milimita ake auna ruwa. In an ce an yi milimita 1, to, kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami lita 1. Ya ba su lissafi: "Ga soro mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4. An yi ruwa milimita 25. Lita nawa ta sauka a kansa?" Auta ya buga ya samu lita 400, watau jarka 20 ta mai lita 20. Ya yi shiru yana tunanin jarka ashirin a kan ɗakin Kaka. Kafin a tashi Malam ya koya musu abu ɗaya kuma. Ya ce haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. In kun ga walƙiya ku fara ƙirga daƙiƙa har ku ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce tsakaninku da ita. Ya gargaɗe su kada su fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, kada kuma su tsaya cikin ruwa in ana tsawa.

Daren Laraba shi ne wanda mutanen unguwar ba su manta ba. Da rana an yi zafi mai nauyi irin na ran Lahadi. Bayan sallar lisha walƙiya ta fara wasa a gabas, ba ƙara. Mutane suka shigar da awaki, suka kwanta. Wajen tsakar dare Auta ya farka, ya ji ƙofa tana bugawa. Iskar wannan dare ta fi ta kasuwa. Ana jin kwanon wani gida yana kaɗawa, ɓam, ɓam, har ya ɓalle ya tafi. Wani reshen darbejiya ya karye ya faɗa kan wayar lantarki. Sa'an nan ruwa ya sauko, ba a tsaye ba, a kwance, yana dukan bangon gabas kamar ana watsa tsakuwa.

Auta ya ga walƙiya ta haska ɗakin, ya ƙirga: ɗaya, biyu, har tara, kana ya ji tsawa. Kilomita uku. Ta sake haskawa, ya kai shida. Ta uku kuwa ko ɗaya bai gama faɗa ba sai aradu ta fashe, har ƙasa ta girgiza. Ya ja mayafi ya rufe kai. Yana nan sai ya ji wani abu mai sanyi ya ɗiga masa a ƙafa. Ya matsa, ya ji wani a wuya. Ya lalubo tocila ya haska sama. Ruwa yana bin jikin azara yana tsiyaya, ga wata tsaga a bangon gabas wadda da yamma babu ita. Ya kasa kunne. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne abin da bai ji ba: kullum in ana ruwa yakan ji indararo yana zuba a waje, yau kuwa shiru. Ruwan duk yana kwance a bisa.

Ya girgiza Kaka ya ce, "Kaka, tashi, ɗaki yana yoyo, ƙasa tana zubowa!" Ta ce, "Kai dai ka cika tsoro. Kawo tasa ka tara." Kafin ta rufe baki sai wani ɓangaren yaɓe ya faɗo a kan tabarma, tim. Auta bai ƙara magana ba, ya buɗe ƙofa ya faɗa cikin ruwa, ya je ya yi ta dukan ƙofar ɗakin Inna yana kiran Baba.

Baba ya shigo, ya haska rufi sau ɗaya, ya ce, "Inna, mu fita." Tsohuwa ta ce ba inda za ta sai da tukunyarta. A ƙarƙashin gadonta akwai wata tukunya da aka liƙe bakinta da ƙasa, a ciki kuwa akwai irin gyaɗa da na wake na gidan duka, ta gauraya su da toka don kada ƙwari su ci. Baba bai tsaya gardama ba. Ya sunkuya ya goya mahaifiyarsa kamar jaririya, ya ce wa babban ɗansa, "Ɗauko tukunyar, maza!" Yaya ya rungumo ta ya fito. Ba su daɗe da shiga ɗakin Inna ba sai suka ji wani ƙara mai nauyi, ba irin na tsawa ba. Awaki suka ɗauki kuka. Ba wanda ya ce kome sai salati. Bangon gabas ya zauna, azara ta bi shi, rufin duka ya rufta a kan gadon Kaka da tabarmar Auta.

Da gari ya waye, ran Alhamis, maƙwabta suka cika gidan. Kowa ya shigo sai ya dubi tarin ƙasar, ya dubi yaron, ya ce, "Barka da arziki. Allah ya kiyaye gaba." Ba gidansu kaɗai abin ya taɓa ba. Katangu sun faɗi a wurare da dama, wani ya tsinci kwanon ɗakinsa a gonar mutane, kaji da yawa sun mutu. Da aka tone ƙasar aka ga indararon, cike yake da busasshen ganye da tsummoki da tsohuwar sheƙar tsuntsu.

Nan mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce laifin maigida ne da ya bar soro ba yaɓe. Waɗansu suka ce wanda bai taɓa riƙe kuɗin bunsuru ɗaya yana duban bukata biyu ba, shi ke faɗin haka. Gaskiya masu magana ta biyu sun fi kusa da adalci, don mutum bai yi wauta ba in ya sa abinci gaba da bango. Amma akwai abin da ba a iya kare shi a kai. Yaɓe yana cin kuɗi, share indararo kuwa ba ya cin ko kwabo, tsani kawai yake so da ɗan lokaci kaɗan. Hankalin gidan duka ya tafi gona, har aka kwana uku ana ruwa ba wanda ya ɗaga kai. Shi kansa maigidan bai yi musu ba. Ya daɗe yana juya indararon a hannu, sa'an nan ya jingine shi a jikin rumbu.

Ba a ginin ƙasa da damina, don tubali ba ya bushewa. Saboda haka samarin unguwa suka yi gayya, suka zaro azarar da ba ta karye ba suka jingine, domin itacen giginya ne, gara ba ta cinsa, ga shi da tsada. Suka kafa dirkoki, suka kewaye da zana, suka ɗaura jinka suka ɗaga ta tare, da ma hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Kafin la'asar Kaka ta sami bukka. Mata suka yi ta aiko da abin da ya sawwaƙa, wannan tabarma, waccan zane, wata kuma kwanon tuwo.

Wata mata da ta zo jaje ta ce, "Wannan ruwa na bana ya zo da mugunta." Kaka ta ɗaga hannu ta ce, "A'a, 'yar nan, kada ki zagi ruwa a gabana." Sai ta ba su labarin farin da aka yi a 1973, tana budurwa. Ta ce a shekarar an yi shuka an sake, gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe. Shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa, daga ƙasar Nijar, da raƙuma da 'ya'ya, suna neman abin da za su ci. Aka sake ganin irinsa a 1984, lokacin tana da goyo. Ta ce, "A shekarun nan ba soron da ya faɗi a garin nan, ko ɗaya. Duka suna tsaye ƙyam, mu kuwa muna ciki da yunwa. Ni dai na ga ɗaki a tsaye da rumbu wayam, na ga ɗaki a kwance da ƙasa a jiƙe. Na san wanda na zaɓa."

Shi kuwa Baba, tun kafin 'yan jaje su watse ya saci jiki ya tafi gona, don abin da ke ransa ke nan tun dare. Ruwa mai yawa yakan kwashe iri, ko ya danne shi da rairayi. Ya tarar wata ƙorama ta ratsa kusurwar gonar ta kudu, ta share layi goma sha wani abu, ta bar farin yashi. Sauran gonar kuwa lafiya. Ya durƙusa ya duba wani rami, sai ga ɗan tsiro siriri kamar allura ya huda ƙasa.

Ran Jumma'a rana ba ta fito ba sam. Aka wuni ana yayyafi, irin wanda aka fi sani da watan Agusta. Itace ya jiƙe, Inna ta yi ta fama da murhu, hayaƙi ya cika gida, tuwo bai sauka ba sai bayan lisha. Kududdufin bayan unguwa, inda aka haƙi ƙasar gina gidajen, ya cika har baki, kwaɗi suka kafa kiɗansu. Bayan an sauko daga masallaci mai unguwa ya sa aka yi shela, kowa ya tsare 'ya'yansa daga wanka a kududdufi. Ramin yana da zurfi a inda ba a zato, ga shi kuma a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Inna ta fito da gidajen sauro ta ɗinke inda suka yage. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, cikin kwana goma ko ƙasa da haka sai ƙwan ya zama sauro mai cizo, daga nan zazzaɓi ya shigo gari. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba ƙananan yara na ƙasashen nan maganin rigakafin zazzaɓi wata wata muddin ana damina, ma'aikatan lafiya kuwa sukan bi gida gida da shi.

Ran Asabar gari ya waye tas, sama ta yi shuɗi kamar an wanke ta. Kowane gida an baza kaya a rana, tabarmi da katifu da littattafan makaranta. Auta ya shanya nasa a kan danga, ya dinga buɗe su shafi shafi don kada su manne. Littafin lissafinsa, wanda aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, ya yi ja, amma ana iya karanta lita 400 ɗin nan.

Da hantsi suka tafi gona. Tun daga nesa suka hango layukan gero kore shar, a miƙe, daga wannan iyaka zuwa waccan, sai kusurwar da ruwa ya ci. Baba ya kwance bakin ƙwarya, irin da ya rage bai fi tafi biyu ba. Ya ce, "Auta, da ban ce ka rage hannu ba, da yau me za mu sa a nan?" Suka sake shuka wurin, iri ya isa daidai, ba saura. Sa'an nan aka fasa bakin tukunyar Kaka, aka kakkaɓe toka, aka fara shukar gyaɗa. Wake kuwa aka mai da shi, sai gero ya ɗan tasa.

Suna komowa da la'asar sai iska ta sake tsayawa, gabas ta fara haɗewa. Yaya bai shiga gida ba. Ya wuce gidan maƙwabci ya aro tsani, ya jingina a bangon zaure, ya ce, "Auta, riƙe mini." Ya hau, ya zura hannu cikin indararo, ya yi ta zaro ganye da ƙasa yana jefowa ƙasa. Kaka tana zaune a ƙofar bukkarta tana ɓare gyaɗar da ta rage, ta ɗaga kai ta ce, "In ka gama, ka duba na maƙwabta, su ma tsohuwa gare su."